Wuta Ba Ta Cin Saiwa



Ruwa ya ɗauke, haki ya bushe, iskar ɗari ta fara busowa daga gabas. Kowa ya san baƙon da ke biyo bayan wannan iska: wutar daji. Manyan gobara sun fi yawa can arewacin jihar Maradi, wajen Dakoro da Bermo da Gadabeji, inda filin kiwo yake shimfiɗe iyakar ganinka. Amma mu ma a gundumar Madarunfa ba ta bar mu ba. Daga Gabi zuwa Safo, daga Sarkin Yamma zuwa Ɗan Isa da Jiratawa, da wuya ka sami dattijon da bai taɓa karya ɗanyen reshe ya ruga kashin wuta ba, ko a bakin dajin Baban Rafi, ko cikin karan gona, ko a gindin rumbuna.

An sha yi maka gargaɗin rigakafi a rediyo da wurin taro. Gargaɗin gaskiya ne, ba sai mun maimaita shi ba. Yau maganarmu a kan bayan wuta take. Wuta ta wuce, toka ta huce, to sai me? Akwai magani huɗu da aka saba kawowa: neman mai laifi, buhun taimako, dashen itace, da sharar hanyar tare wuta. Za mu ɗora kowane bisa ma'auni, mu faɗi kyansa, mu faɗi aibinsa. Sa'an nan mu juyo mu dubi hannunmu, domin a nan babbar ɓarnar take.

Me wuta ke ci, me take bari?

Sai an san ciwo ake auna magani. Hakin ƙasarmu iri biyu ne. Akwai mai shekara ɗaya, kamar ƙarangiya da burburwa da kyasuwa da harkiya. Wannan daga ƙwaya yake tsirowa da ruwan fari, ya yi ƴaƴa, ya mutu da kaka. In wuta ta cinye shi a watan Nuwamba, ba ya sake fitowa sai an yi ruwa a watan Yuni. Ƙirga da yatsunka, wata bakwai ke nan bisa ba ta da abin kaiwa baki a wurin. Wutar kuma takan haɗa da ƙwayar da ta zube bisa ƙasa, sai baɗi hakin ya fito tsilli-tsilli.

Akwai kuma mai tsohuwar saiwa, irin gamba. Ita in an ƙone ta, takan yi sabon tofo daga gindi. Shi ya sa a ƙasashen kudu masu yawan ruwa, inda gamba da danginta suka cika daji, wasu makiyaya ke sa wuta da gangan don shanu su sami ɗanye. A wajenmu wannan dabara hasara ce, domin gamba ta yi ƙaranci, hakin shekara ɗaya shi ya fi yawa.

Wasu manoma suna cewa toka taki ce. Da gaskiyarsu, amma kaɗan. Sinadarin da ke sa ganyen hatsi ya yi kore shar, wanda muke saye da tsada cikin farin takin zamani, tashi yake yi cikin hayaƙi. Tokar da ta rage kuwa iskar ɗari ba ta bari ta kwana. Ƙasa sai ta zauna tsirara. Gara ba ta da karan da za ta ja ƙasa ta buɗe wa ruwa hanya. Ruwan fari in ya zo, sai ya daki ƙasa ya gudu, ya bar faƙo, ya kwashe rairayi ya kai Gulbin Gabi da Gulbin Maradi. Daga can rairayin ya zarce tabkin Madarunfa. Wannan tabki, da gandun dajin da ke kusa da shi, da kaburburan waliyyai 99, tun 2006 Nijar ta sa su cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Ka ga wutar da ta tashi a tudu, masunci ma tana taɓa tukunyarsa.

Saura itatuwa. Ƙananan da suka tsiro daga ƙwaya bana ko bara, yawancinsu mutuwa suke yi. Amma sabara da geza da kalgo da taramniya, wuta ɗaya samansu take ci. Saiwarsu ta yi shekaru tana nutsewa, tana can cikin laima da ajiyar abincinta. Ka koma wurin bayan wata biyu ko uku, za ka ga tofo a gindin baƙin kututture, alhali ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Ba a nan kaɗai ba ne. A ƙarshen 2019 da farkon 2020 wuta ta yi wata da watanni tana cin dajin ƙasar Ostiraliya, gidaje wajen 3,000 suka ƙone. Iccen turare da muke dasawa a nan, asalinsa can ne. Bayan wutar sai ga sabon ganye yana fitowa daga jikin itatuwan da suka yi baƙi ƙirin.

Riƙe wannan da kyau: bayan gobara, rabin dajin yana nan a raye ƙarƙashin ƙasa. Duk maganin da za a kawo, sai a tambaya ko ya san da wannan rabin.

Magani na farko: neman mai laifi

Tun hayaƙi bai kwanta ba ake fara tambaya, wa ya sa? Tambayar ba laifi ba ce. Wuta ba ta tashi da kanta. Ko dai yara masu farautar gafiya da zomo, ko mai cin zuma da ya yar da bakin wuta, ko guntun taba, ko murhun shayi da ba a binne ba, ko mai gawayi, ko mai ƙona sassabe ranar iska. Dokar gandun daji ta 2004 ta hana sa wa daji wuta, ta kuma tanadi hukunci. Garin da babu hukunci, babu tsoro.

Aibin wannan magani shi ne inda yatsa ke fara nunawa. Sau da yawa baƙo ake fara nunawa, wato Bafillatanin da ya sauka bayan gari. Amma tsaya ka yi tunani. Wa ya fi shi hasara? Hakin da ya ƙone shi ne rumbunsa. Mutum ba ya cinna wa rumbunsa wuta don ya ɓata wa maƙwabci. In ɗan mai gari ne ya je farautar ɓera, sai a yi shiru, a bar jaki ana dukan taiki. Irin wannan zargi ba abin wasa ba ne a jiharmu. A Toda, cikin 1991, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Allah ya kiyaye mu da ganin irinsa. Bayan gobara ciyawa ta ragu, bisashe suna matsowa kusa da lambuna da rumbuna, zukata suna kusa. A lokacin ne kalma ɗaya ta zargi take zama wuta ta biyu.

Sa'an nan, kuɗin tara ba ya tsiro da haki. Ko an kama mai laifi an ci shi tara, wurin da ya ƙone yana nan yadda yake. Hukunci yana maganin wutar baɗi. Ta bana kuwa bai taɓa ta ba.

Magani na biyu: buhun taimako

Jaje al'adarmu ce mai kyau. Wanda rumbunsa ya ƙone, wannan ya kawo dami, wancan ya kawo tiya biyu, wata ta kawo zane. Hukuma da ƙungiyoyin agaji su ma sukan kawo hatsi da bargo, wani lokaci a sayar da dusa da abincin bisashe da rahusa. Duk wanda ya taɓa kwana da yunwa ba zai raina buhu ba. Allah ya saka wa mai bayarwa.

To amma dubi yadda ake rubuta sunaye. Ana ƙirga ɗakin da ya ƙone da rumbun da ya ƙone, domin su ake gani da ido. Wa ke rubuta sunan tsohuwar da ke yankan kaba tana saƙa tabarma? Wa ke rubuta matar da ke tsinkar ganyen miya da magarya da aduwa ta kai kasuwa? Wa ke rubuta mai amya, ko talakan da ba shi da gona, wanda yankan shibci da gamba shi ne abincin raninsa? Waɗannan rumbunsu daji ne, ya kuma ƙone ƙurmus, amma ba sa cikin takarda. Su ne kuwa yunwa za ta fara korawa su ɗauki gatari su koma wurin da ya ƙone.

Buhu kuma yana ƙarewa cikin wata guda, ramin da wuta ta haƙa na wata bakwai ne. Kayan aro ba ya rufe katara. Garin da ya zauna jiran mota, kafin motar ta zo an riga an sare kututturan.

Magani na uku: dashen itace

Wannan shi ne maganin da ya fi suna. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace a Nijar. A watan Mayu na 1984, zamanin Shugaba Seyni Kunce, an yi babban taron yaƙi da hamada a birnin Maradi, aka ɗauki alkawarin da ake kira Alkawarin Maradi. Daga nan kowane gari da kowace ma'aikata aka ce ta dasa. Inuwar dogon yaro da muke sha yau a kasuwanni da makarantu da bakin hanya, da yawanta albarkar wannan kira ce. A kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 aka dasa dogayen layukan dogon yaro don tare iska, aka sa masu gadi, itatuwan suka rayu, gonaki suka amfana. Ke nan dashe yana yi, in akwai laima, akwai tsaro, akwai mai shi.

Amma ga tambaya. A garinku, itace nawa aka dasa ranar 3 ga Agusta cikin shekara goma da suka wuce? Nawa ne ke tsaye yau? Je ka ƙirga, kada ka ɗauki maganarmu. Gani ya kori ji.

Dalilin mutuwarsu ba ɓoyayye ba ne. Ɗan icce da aka rena cikin leda saiwarsa ba ta wuce taƙi ɗaya ba. An dasa shi a Agusta, saura masa mako shida ko takwas na ruwa. Daga nan sai rani, sai gara, sai akuya. A wurin da wuta ta ci abin ya fi muni, domin shi kaɗai ne ɗanye a fili, kowace bisa shi take hange. Ranar dashe akwai kiɗa da jawabi da ɗaukar hoto. Ranar ban ruwa babu kowa. Ana ƙirga ramin da aka haƙa, ba a ƙirga iccen da ya ga damana ta biyu. Da za a mayar da ranar ƙirga ta koma watan Mayu, lokacin da rani ya gama tankaɗe, da an san gaskiyar kowane gari.

Abin da ya fi ban haushi, wani lokaci don a dasa baƙon icce a layi, sai a share wurin, a tumɓuke sabara da geza masu saiwar shekara ashirin. An kashe babba don a reni jinjiri.

Magani na huɗu: hanyar tare wuta

Cikin huɗun, wannan ya fi ƙarfi. Ana share haki a doguwar hanya mai faɗin mita 15 ko 20, yadda wuta in ta iso za ta rasa abin ci ta tsaya, masu kashi su sami wurin tsayawa. Hakin da aka share kuma ba hasara ba ne, ana tara shi a ajiye wa bisashe. Inda ake biyan kuɗin aikin, samari suna samun abin hannu, wasu har su fasa tafiya cin rani.

Aibinta ba a jikinta yake ba, a lokacinta yake. Hanyar da aka share a Oktoba ita ce hanya. Wadda aka share a Janairu, don kuɗin aikin sai lokacin ya iso, ihu ne bayan hari. Wasu kuma su share, su tula hakin a gefen hanyar su tafi, sun gina wa wuta gada ke nan. Kuma tun da aka fara biya, a wasu garuruwan aikin ya zama na mai kuɗi. In babu biya, babu mai ɗaukar hauya. Kakanninmu da gayya suke share gindin rumbuna, babu wanda ya ba su ko dala. Kuɗi in ya zo, madalla, a karɓa. In bai zo ba, wuta ba ta jiransa.

Wuta ta biyu tana hannunmu

Yanzu mu dubi abin da ba a faɗa a wurin taro. Kwana uku bayan gobara, wa ke fara isa wurin? Mai gatari da amalanke. Wuta ta share masa ƙaya, ta busar masa da icce. Yana cewa ai matacce ne. Sai ya sare har ƙasa, wani ma ya tone kututturen don gawayi. Iccen da wuta ta bari da rai, gatari ya ƙarasa shi.

Tun dokar 1992 aka kafa kasuwannin icce na karkara, har da na kewayen Baban Rafi, don mutanen ƙauye su riƙe dajinsu su ci amfaninsa, maimakon masu manyan motoci daga birni su kwashe a banza. Niyya ce mai kyau. Amma a irin kasuwar da busasshen icce kaɗai aka yarda a sara, akwai ƙofar da ya kamata a lura da ita: wuta ita ce mai ƙera busasshen icce. In wurin da ya ƙone ya zama wurin cin riba, to an koya wa marar tsoron Allah hanya. Maganin abin shi ne kwamitin kasuwa ya ƙi karɓar icce daga wurin da ya ƙone har sai damana ta nuna mai rai da matacce.

Bayan mai gatari sai mai kwasar haki. Ɗan abin da wuta ta tsallake, a kankare shi har ƙasa, a kai birni a sayar. An kwashe ƙwayar da za ta shuka wurin baɗi ke nan. Bayansa sai awaki, su bi tofo suna tsinkewa yana fitowa, har saiwa ta gaji ta mutu. In aka yi haka shekara biyu ko uku, me ke gadon wurin? Garmani. Kowa ya ga yadda ya cinye burtali da filayen kiwo a jihar Maradi, bisa kuwa ba ta damu da shi ba.

Ba a cewa masu yin haka miyagu ne. Talauci ne da matsi. Tun wajen 2019 ɓarayin daji suka addabi ƙauyukan bakin iyaka, dubban ƴan gudun hijira daga Zamfara da Katsina da Sakkwato suka shigo jiharmu. Duk inda tsoro ya hana shiga cikin daji, mutane da bisashe sai su taru a ɗan abin da ke kusa da gari. Wannan ya sa ɗan abin ya ƙara daraja, ɓarnarsa ta ƙara tsada.

Maganin da ya tsiro a ƙasarmu

Akwai magani na biyar, wanda ya san da rabin dajin da ke ƙarƙashin ƙasa. Kun san shi, sunansa sassaben zamani. Maimakon a sare kowane tofo a ƙone, sai a zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi a kowane kututture, a rage sauran, a gyara su, a bar su su tashi.

Ga tarihinsa a taƙaice. Tun dokar Faransa ta 1935, har ta 1974, icce a hannun hukuma yake. Manomi yana tsoron tara a kan iccen da ke cikin gonarsa, don haka ya gwammace kada ya bar shi ya girma. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostiraliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maradi, ya gaji da dashen da ke mutuwa. Sai ya lura da cewa ƴan tsirran da ake sarewa kowace bazara itatuwa ne masu tsohuwar saiwa. Da yunwar 1984 ta zo, wadda ake kira El Buhari, aka haɗa rabon abinci da barin itace a gona a ƙauyuka wajen 100. Bayan shekara ashirin da ƴan kai, masu bincike, cikinsu har da ɗan Nijar Mahamane Larwanu, suka gwada hotunan sama na da da na yanzu. A 2009 aka buga cewa hekta wajen miliyan 5 sun sake yin itace, yawanci a jihohin Maradi da Damagaram, itatuwa wajen miliyan 200. Hekta ɗaya ita ce mita 100 tsawo, mita 100 faɗi. Yawancin itatuwan nan babu wanda ya dasa su. A 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan iccen da ya rena a gonarsa.

Shi ma wannan magani sai mu auna shi, kada mu yi son kai. Na ɗaya, da rabon abincin 1984 ya ƙare, wajen kashi biyu cikin uku na itatuwan da aka bari an sare su. Waɗanda suka bar nasu don sun ga amfani, su ne suka yaɗa abin, ba buhun ba. Na biyu, a ƙasashen waje sunan mutum ɗaya ya fi tafiya. An ba Rinaudo babbar kyauta ta duniya a 2018, a shekarar da aka ba Yakuba Sawadogo na Burkina Faso. Sun cancanta. Amma manoman Magarya da Matamai sun daɗe suna renon gawo, tun zamanin Sarkin Damagaram Tanimu ake hukunta mai sare shi. In ka ɗauka dabarar ta baƙo ce, za ka zauna jiran baƙo. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na uku shi ne babba. Sassaben zamani ya yi nasara a gona, domin gona tana da mai ita. Wuta kuwa ta fi ɓarna a daji da burtali da filin kiwo, kayan kowa da kowa, wanda babu mai kwana dominsa. A nan dabarar mutum ɗaya ba ta isa ba. Mutanen Ɗan Saga, a gundumar Agiye, sun gane haka. Suka kafa kwamitin tsaron itace, suka sa mata a ciki, suka sa Fulani makiyaya a ciki, suka yi dokarsu, suka sanar da ita ga kowa. Ƙauyen ya yi suna har baƙi daga wasu ƙasashe suna zuwa gani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, me ya kamata gari ya yi?

In wuta ta ci wani wuri a ƙasarku, kada mako ya zagayo ba ku zauna ba. Mai gari da liman da sarkin noma da arɗo da shugabar mata da samari, a kira ma'aikacin gandun daji ya shaida. A fara da zagaya wurin da ƙafa, a san iyakarsa.

A hana gatari shiga har bayan damana. Mai shakka ya kankare ɓawon icce da farce ko wuƙa. In ya ga kore a ciki, icce yana da rai. Ko saman ya mutu, a bar kututturen.

A huta da kiwo a wurin damana ɗaya ko biyu. Amma kada a ce wa makiyayi fita, ba a ce masa ga inda za ka ba. Manoman da karansu ya tsira su buɗe masa gonaki, shi kuma ya bar masu taki. Wannan tsohon ciniki ne tsakanin kakanninmu, kowa ya ci riba.

A hana kwasar hakin da ya tsira a gefen wurin, domin shi ne iri. Yara su tara ƙwayar kyasuwa da gamba, a watsa da ruwan fari. Inda ƙasa ta yi faƙo, a jera rassa da kara don su tare ƙura da ƙwaya, su kira gara.

Kada a yi gaggawar gyaran tofo. A bari ya shekara ya yi ƙarfi, sa'an nan a zaɓi na bari, a ɗaura masu tsumma don kowa ya san da mai su. Rassan da aka rage, a fara ba matan da wutar ta cinye masu sana'a. In za a yi dashe, a yi shi inda babu kututture ko ɗaya, kuma kowane icce a rubuta sunan mai ba shi ruwa.

A nan ne karatunka zai yi rana. Yarjejeniyar baki iska ke ɗauka. Kai da ka iya rubutu, ɗauki alƙalami ka rubuta: wane wuri aka hana, daga yaushe zuwa yaushe, su wa ke tsaro, mene ne tara, ina kuɗin tara zai shiga. Ka rubuta sunayen duk waɗanda suka yi hasara, har da masu rumbu a daji. A karanta a bainar jama'a, da Hausa da Fillanci, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. A kai kwafi ɗaya wurin kwamitin ƙasa na gari, wanda tsarin dokar karkara ta 1993 ya kawo, ɗaya kuma ofishin magajin gari. Takarda ba ta mantuwa, ba ta kuma jin kunyar ɗan mai gari.

Ka karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna, a dandali ko bayan sallar isha'i. In a garinku an taɓa yin gobara kuka raya wurin, ko kuka gwada abin ya ƙi, ku rubuto mana yadda aka yi, da sunan itatuwan da suka tofo da waɗanda suka mutu, don wasu garuruwa su ƙaru.

Allah ya tsare mu da gobara, ya ba mu haƙurin jiran tofo, ya kai mu damana lafiya. Amin.